Wa Zai Wuce Zaure? Amintakar Masu Binciken Laifi a Talabijin da Idon Mai Kallo a Makoɗa

A watan Disamba na 2022 manhajar Showmax ta fara nuna wani shiri mai suna Crime and Justice Lagos. Labarin wani sashe ne na 'yan sanda da ke binciken manyan laifuka a Legas, kuma mutum biyu ne ƙashin bayansa: Kelechi Farasin, wadda Folu Storms ta fito a matsayinta, da Ɗanladi Dikko, wanda Jammal Ibrahim ya fito a matsayinsa. Mace da namiji, mota ɗaya, ofis ɗaya, gawa ɗaya a gabansu. Aiki ne ya haɗa su, a kan aikin kuma labarin yake tafiya. Kafin na Legas an yi irinsa a Nairobi a 2021, inda Makena da Silas suka riƙe ragamar binciken.

Shirin bai zaga ƙauyukanmu ba. Da Turanci yake, sai an biya kuɗin wata, ga kuɗin data. Amma a ce yau wani situdiyo a Kano ya juya shi zuwa Hausa kamar yadda ake yi wa fina-finan Indiya, masu tura fina-finai a waya suka kai shi Koguna. Kafin a gama kashi na biyu, tambaya ɗaya za ta fito daga bakin samarin da ke kan benci da matan da ke tsakar gida: "To, yaushe zai ce yana sonta?" In aka kai ƙarshe bai faɗa ba, wasu za su koma wurin mai turawa su ce bai ba su fim ɗin duka ba.

Makoɗa ƙaramar hukuma ce a arewacin Kano, maƙwabciyar Ɗambatta, hedikwatarta na Koguna. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, gona na gogar gona, ƙauye na hango ƙauye. A irin wannan wuri da wuya a yi ɓarna a rasa wanda ya ga wani abu. Abin da ke wahalar da mai bincike shi ne samun wanda zai buɗe baki, da sanin wa za a buɗe wa bakin. Wannan ya sa nake ganin labarin mace da namiji masu bincike, waɗanda amana ta haɗa ba soyayya ba, ya fi dacewa da Makoɗa fiye da Landan ko Niyok, duk da cewa a nan ne zai fi wuyar sayarwa.

Dalilin da ya sa kullum su biyu ne

Tushen abin daga littafi yake. A 1887 Arthur Conan Doyle ya fitar da Sherlock Holmes tare da Dakta Watson, likitan soja da ya dawo daga yaƙin Afganistan da rauni, yana neman wanda za su raba kuɗin haya. Holmes ke tunani, Watson ke tambaya, shi ke ba mu labari. Da abin ya koma talabijin sai buƙatar mutum na biyu ta ƙaru, domin kyamara ba ta ɗaukar tunani. In mai bincike ya gano wani abu, sai ya faɗa wa wani kafin mai kallo ya sani. Mutum na biyu yakan yi tambayar da ke bakinmu, yakan yi kuskuren da mu ma za mu yi, don haka ba ma jin an bar mu a baya.

Jamusawa sun yi shekara 24 suna kallon Derrick da mataimakinsa Harry Klein, daga 1974 zuwa 1998, kashi 281, shirin kuma ya yi suna har a ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci. A Indiya, CID ya fara a 1998, ya haura kashi 1,500 kafin a dakatar da shi a 2018, aka sake dawo da shi a ƙarshen 2024. Duk wanda ya bi CID ba zai iya gaya maka wa ya kashe wa a kashi na ɗari uku ba. Abin da zai tuna shi ne jami'i Daya yana ɓalle ƙofa, da yadda hankalin abokin aikinsa Abhijeet ke tashi in Daya na cikin haɗari. Laifin kowane mako yakan wuce a manta da shi, mutanen biyu ne ke sa a dawo mako mai zuwa.

Amintakar maza biyu ba ta buƙatar bayani ga Bahaushe. Ya san amini, ya san babban aboki da ke ɗaukar nauyin biki kamar nasa, ya san mutum biyu da suka shekara arba'in suna cin tuwon dare a ƙofar gida ɗaya. Kanawan da suka cika gidajen silima don Sholay na 1975 sun fahimci Jai da Veeru ba tare da jin kalma ɗaya ta Indiyanci ba. Haka amintakar mata: a littafin Baba of Karo na 1954, tsohuwar da ta ba Mary Smith tarihin rayuwarta ta yi bayanin ƙawance dalla-dalla, da musayar kyauta a biki da suna, da yadda babbar mace ke ɗaukar yarinya ƙanwar rana. Kowane ɓangare yana da tsarinsa da ƙa'idarsa. Rikicin na tasowa ne in aka tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Waɗanda suka miƙa wuya da waɗanda suka ƙi

Kada a ɗauka Turawa sun warware wannan. A Amurka, masu shirya talabijin sun daɗe da gano cewa ja wa mai kallo rai da "za su yi ko ba za su yi ba" yana kawo kasuwa. Moonlighting, na Bruce Willis da Cybill Shepherd, ya fara a 1985. A 1987 aka haɗa jaruman biyu, daga nan masu kallo suka fara raguwa, zuwa 1989 shirin ya mutu. Akwai wasu dalilan, amma har yau marubuta na kafa misali da shi. Darasin da suka ɗauka shi ne a ja abin ya yi tsawo. Bones ya yi daga 2005 zuwa 2017, Castle daga 2009 zuwa 2016, dukansu da aure aka ƙare. A Law & Order: SVU, Olivia Benson da Elliot Stabler sun shekara 12 suna aiki tare daga 1999, shi da matarsa da 'ya'yansa, ba abin da ya shiga tsakaninsu sai aiki da yarda. Da aka dawo da Stabler a 2021, abu na farko da marubuta suka yi shi ne kashe matarsa da bam a mota. Kowa ya gane ƙofar da aka buɗe.

Waɗanda suka ƙi bin wannan hanya su ne abin dubawa. Robert Doherty, da ya ƙirƙiri Elementary a 2012, ya mayar da Watson mace, Joan, tsohuwar likitar tiyata da mahaifin Holmes ya ɗauka aiki don ta sa ido a kan ɗansa mai fama da barin ƙwaya. Tun farko ya bayyana cewa ba soyayya tsakaninsu, ya kuma tsaya a kan maganarsa har kashi 154, zuwa 2019. Sai dai su biyun gida ɗaya suke zaune, su kaɗai. Wannan ba zai shiga kan mai kallo a Makoɗa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a nemi ya shiga ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Broadchurch na Ingila, wanda aka fara a 2013. Ƙaramin gari ne a bakin teku, kowa ya san kowa. An tsinci gawar yaro ɗan shekara 11. Ellie Miller 'yar sanda ce 'yar garin, matar aure mai 'ya'ya, ɗanta abokin yaron da aka kashe ne. Tana sa ran ƙarin girma, sai aka kawo baƙo, Alec Hardy, aka ba shi kujerar. Shi mutum ne mai tsami, ba ya gaisuwa, ba ya yarda da kowa, ga ciwon zuciya da yake ɓoyewa. Ita kuwa kowa nata ne, shi ya sa take jin nauyin tuhumar kowa. Sun fara da jin haushin juna. A ƙarshen zango na farko aka gano cewa mijinta ne ya kashe yaron, kuma Hardy ne ya zaunar da ita ya gaya mata. Garin ya juya mata baya, mutane na cewa ta yaya za a yi a ce ba ta sani ba. Mutumin da ya ƙwace mata kujera shi ya rage a gefenta. Har shirin ya ƙare a 2017 da sunan aiki yake kiranta, Miller, ba a taɓa mayar da su masoya ba.

Akwai kuma The Bridge na 2011, haɗin gwiwar Suwidin da Danmak, wanda ya fara da gawa a tsakiyar gadar da ta haɗa ƙasashen biyu. Saga Norén 'yar sanda ce da ba ta iya ƙarya ba, ba ta kuma iya zama da mutane ba. Abokin aikinta Martin Rohde ne ya jure mata har ya zama amininta. An kashe ɗan Martin. Daga baya Saga ta gano cewa Martin ya sa wa wanda ya kashe ɗan nasa guba a kurkuku. Ta kai rahotonsa, aka kama shi. Tsofaffin Kano da suka kalli Kuliya Manta Sabo, lokacin da marigayi Daudu Galadanci ke zaman alƙali a akwatin talabijin, sun san wannan tsaka mai wuya: ga sabo, ga shari'a. Labarin soyayya ba zai iya kai mai kallo wannan wuri ba, domin da masoya ne, da mun san za ta rufa masa asiri, mu kuma mu yafe mata.

A maƙwabta ma an gwada. A Burkina Faso, Aminata Diallo Glez ta shirya Super Flics, labarin 'yan sanda biyu a Wagadugu, Marc da Malika, ita da kanta ta fito a Malika.

Abin da ya sa mai kallonmu ba ya yarda

Shakkar mai kallo a Makoɗa ba jahilci ba ce. Ya tashi ya ji malamai na karantar da haramcin keɓancewar namiji da macen da ba muharramarsa ba. Ya kuma san garinsu: in aka ga matar wane a bayan babur ɗin wane sau biyu, kafin la'asar magana ta kai gidan surukai. Duk marubucin da ya yi kamar wannan ba ya nan, ya rubuta wa wasu mutane ne daban.

Amma akwai dalili na biyu, wanda masu fim suka gina da hannunsu. Tun daga Turmin Danya na 1990, musamman bayan Sangaya da Wasila, kasuwar Kannywood ta tsaya a kan soyayya, kishi da auren dole. Bayan dawo da shari'ar Musulunci a 2000, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, ƙa'idar da kowa ya sani kuma ita ce namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara. Wanda ya manta da nauyin wannan ƙa'ida ya tuna yadda ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau a watan Oktoba na 2016 saboda bidiyon waƙa da ta yi da ClassiQ. To, da yake an hana hannu magana, sai daraktoci suka ɗora aikin nuna so a kan duk abin da ya rage: kallo, murmushi, kiran waya da dare, rakiya zuwa bakin mota, tambayar "ka ci abinci?" Shekara talatin ana koya wa mai kallo cewa duk namijin da ya damu da halin da mace ke ciki, sonta yake. Yanzu in sufeto ya ce wa abokiyar aikinsa ta tafi gida ta huta, ɗanta ba shi da lafiya, mai kallo ya riga ya fara lissafin lefe. An kwashe duk alamomin mutunci da kulawa an ba soyayya, ba a bar wa amintaka ko ɗaya ba.

Shi kansa ɗan sanda bai samu gurbin kirki a fim ɗin Hausa ba. Yawanci a minti biyar na ƙarshe yake zuwa da ankwa, bayan jarumi ya gama aikin. Inda laifi ya zama jigo, mai laifin ne tauraro: Adam A. Zango ɗan damfara ne a Basaja, A Duniya na Tijjani Asase kuma duniyar 'yan daba ce. Da tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta so yin labarin tono asiri a Kwana Casa'in, ɗan jarida ta ba aikin, Sahabi, a garin Alfawa na Gwamna Bawa Maikada. Wataƙila marubutan sun san mai kallo zai fi gaskata ɗan jarida mai gaskiya. Wannan kuma ba laifin masu fim ba ne.

Rabin shaidar tana cikin gida

Mu ƙaddara an kwance wa wani manomi bijimin sa a daren Juma'a, saura kwana biyu kasuwar Ɗambatta ta Lahadi ta ci. Kowa a Makoɗa ya san yadda za a fara. Za a bi sawu tun kafin awaki su tattake shi. Za a gaya wa mai unguwa, shi ya gaya wa dagaci. 'Yan sintiri za su faɗi wanda suka haska da tocila bayan sha biyu. Za a yi cigiya wurin sarkin pawa, a sanar da dillalan kara, a tambayi 'yan kamasho ko an loda sa da asuba. Duk wannan aikin maza ne, a fili ake yin sa, jami'i namiji zai iya binsa daga farko har ƙarshe.

Sai sawu ya ɓace a ƙofar wani gida. Nan jami'in zai tsaya ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, maigida ya fito ya ce bai san komai ba. Iyakarsa ke nan. Abin da ke bayan zauren wata duniya ce mai nata labarai: wadda ta biya bashin adashi na wata uku a zama ɗaya, gidan da kayan ɗakin 'yarsu suka cika cikin mako guda bayan an daɗe ana kuka, matar da mijinta bai kwana a gida ba ranar girkinta har ta yi ƙorafi wurin mai kitso. Dillaliya ta sani, ungozoma ta sani. Yarinyar da ke tallan ƙosai ta shiga gida goma kafin hantsi, ta ga abin da dagaci bai gani ba. Masu nazari sun daɗe da lura da wannan. Polly Hill, da ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu a kan ɓoyayyen cinikin da matan kulle ke yi daga ɗakunansu. Enid Schildkrout ta nuna a binciken da ta yi a birnin Kano a shekarun 1970 cewa yara ne ke ɗaukar kaya da kuɗi da saƙo tsakanin gidaje, domin su kaɗai ke da izinin shiga ko'ina.

A Landan, in aka haɗa mace da namiji a bincike, zaɓin mai shirya fim ne. Maza biyu ma za su iya aikin. A Makoɗa tilas ce. Shi ba zai wuce zaure ba, ita ba za ta je kara ta zauna cikin dillalai tana cin goro ba. Kowannensu rabin labari ke hannunsa. In ba su yarda da juna ba, in ɗaya ya raina abin da ɗaya ya kawo, ɓarawo ya sha. Ba sai marubuci ya ƙirƙiro dalilin da zai sa su buƙaci juna ba, ginin gidan Bahaushe ya riga ya ba shi.

Doka ma ta san da haka. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce mace ce ke caje mace. Ta kuma ce in wanda ake nema ya shiga wurin da macen da ba ta fita bainar jama'a ke zaune, bisa al'ada ko addini, sai an sanar da ita an ba ta damar kaucewa kafin a shiga. Tun da aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Najeriya a 1955, ayyukan da aka fi ba su su ne ɗaukar bayanan mata da yara da binciken cin zarafinsu. Hukumar Hisba ta Kano, da doka ta kafa a 2003, tana da dakarunta mata saboda wannan dalili. Ma'aikatan rigakafin shan inna ma mata suke turawa cikin gidaje, maza na jira a waje da mai unguwa. Mutanen karkara sun saba ganin irin wannan aikin haɗin gwiwa da idonsu. A fim ne kawai ba su taɓa ganinsa ba.

In laifin ya wuce satar sa, buƙatar ta fi tsanani. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba za ta yi wa baƙon namiji bayani a gaban mahaifinta ba. Sau da yawa iyali sun fi son a kashe maganar a gida, a rufa asiri, kada a ɓata mata aure. Kafin a kai ta cibiyar Waraka a Kano, sai an samu macen da uwar yarinyar za ta yarda ta rufe ƙofa da ita. Sannan sai an samu namijin da zai tsaya gaban dattawan da suka zo biko, ya ce a'a. A ƙauye wanda ake zargi ba baƙo ba ne. Ƙanin mijin jami'ar ne, ko wanda suka yi makarantar allo da sufeton. Nan ne za a ga ko amanar da ke tsakaninsu ta kai ta ɗauki nauyi: ranar da za ta ce masa, "Yallaɓai, amininka ne," ko ranar da zai ce mata, "Hajiya, sawun gidanku ya shiga."

Wanda ya ce Bahaushe bai taɓa ganin namiji da mace sun yi tafiya ɗaya don manufa ba, ya manta da NEPU. An kafa ta a Kano a 1950. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya da aka haifa a 1933, ta jagoranci matan jam'iyyar a ƙarƙashin Malam Aminu Kano. Abin da ya fara kai ta gaban alƙali a Kano shi ne shiga wurin matan kulle tana yi musu maganar siyasa, wato aikin da Malam da sauran maza ba za su iya ba. Ta sha ɗauri, ta sha duka, ta sha baƙar magana daga 'yan adawa. Ta rasu a 2001, kuma yau in aka ambaci sunanta tare da na Malam, gwagwarmaya ake tunawa.

Abin da ke gaban mai son rubutawa

Cikas na farko hukuma ce. A watan Satumba na 2021 Hukumar Tace Fina-finai, lokacin shugabancin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa hujjar cewa matasa na koyon dabaru daga ciki. A watan Mayu na 2025, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun miƙa su a tace kafin a saki. Damuwar hukumar ba ta banza ba ce, amma fim ɗin bincike ya bambanta da fim ɗin daba. Yana farawa ne bayan an gama ɓarna, kyamara na bin mai gyara. Ana iya yin kashi ashirin ba a nuna wuƙa ba. Rikicin gado, sayar da gona ɗaya ga mutum biyu, jabun taki, iyakar da ta matsa da dare, kuɗin ƙungiyar manoma da suka yi ƙafa: Makoɗa ba ta rasa abin bincike.

Batun keɓancewa kuwa, ƙa'idar da ake gani kamar takura ita ce mafita. Aikin gwamnati a karkara dama ba a yin sa mutum biyu. Akwai kurtun da ke tuƙi, akwai mai unguwar da ke rakiya, akwai yaran da ke biye da mota. Ofis ɗin DPO ƙofarsa a buɗe take. Harshe ma yana da nasa shingen: ita ta ce "Yallaɓai" ko "ranka ya daɗe", shi ya ce "Hajiya" ko ya kira ta da sunan ɗanta na fari. Ana iya nuna shekara goma na yarda ba tare da an sauya waɗannan kalmomi ba. Ya je ta'aziyyar mahaifinta ya zauna cikin maza. Matarsa ta haihu, ita ta shiga barka da turmin atamfa. Ta yi kuskure a rahoto, ya ɗauki faɗan a gaban na sama, ya dawo ya yi mata nasa faɗan.

Sai babbar matsala, wadda marubucin Amurka bai san da ita ba. Auren Stabler ya rufe ƙofa shekara 12. Auren sufeton Makoɗa ba ya rufe komai, saura gurbi uku. In jami'ar budurwa ce ko bazawara, mai kallo zai ɗaura auren tun kashi na farko, ya zauna jiran yadda uwargida za ta karɓi labari. Kuma da yake yawancin shirye-shiryenmu mako-mako ake sakin su a YouTube, furodusa na jin abin da 'yan kallo ke nema, kuɗinsa kuma daga yawansu yake fitowa. Kafin kashi na goma za a kira marubuci a ce ya sa waƙa.

Akwai hanyar gudu: a ce wa da ƙanwa ne, ko sun sha nono ɗaya, aure ya haramta, kowa ya huta. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai ta mayar da labarin na zumunci, an kauce wa tambayar. Ni dai na fi son a tunkare ta. A yi jami'ar matar aure mai shekara arba'in da 'ya'ya, wadda ta shiga aiki lokacin da ƙa'idar 'yan sanda ta 124 ke tilasta wa mace neman izini a rubuce kafin ta yi aure, ƙa'idar da Babbar Kotun Tarayya ta soke a 2012. Mace irin wannan ta riga ta sha tambayoyi, ta san abin da ake faɗa a bayanta.

Ko a haka ba a tsira ba. Wasu 'yan kallo za su zauna jiran ranar da za a sake ta, ko ranar da za ta shiga takaba. Don haka dole mijin ya rayu, auren ya zauna, kuma kada a ɓoye shi a bayan labule. A ba shi sana'a, a ce malamin firamare ne ko mai sayar da taki a Koguna. A nuna shi a majalisa ana jefa masa habaici kan matarsa da ke yawo a motar hukuma. A nuna ranar da abin ya ci masa rai ya ƙi cin tuwo, da ranar da shi da kansa ya ɗauki waya ya kira sufeto ya ce, "Ranka ya daɗe, har yanzu ba ta shigo ba, lafiya dai ko?" Jarumin da za a ba wannan matsayi sai an zaɓe shi da kyau fiye da masu binciken biyu, domin in mai kallo bai gaskata shi ba, ba zai gaskata su ba.